Darasi na 14: In Kun Je Birni da Mai Ɗaki, Ina Za Ku Ci Abinci?

Motar da ta tashi daga Kongolam da sassafe takan bi ta Daura, ta ratsa Kazaure da Dambatta, kafin azahar ta sauke fasinja a Kano. Ba kasafai mutanenmu ke yin wannan tafiya don yawon buɗe ido ba. Wani iyalinsa ya kai Asibitin Malam Aminu Kano, wani asibitin ƙashi na Dala, wani Kantin Kwari suka nufa don haɗo lefen ɗansu, wani kuma mai tafiya Umra ya raka filin jirgi. In an gama abin da ya kawo su, abin da aka saba shi ne maigida ya bar matar a masauki, ya fita ya sayo tsire ko gurasa a leda ya miƙa mata, shi kuma ya koma waje wurin maza. Washegari a kamo hanyar gida. Ta je Kano ta dawo, amma abin da ta gani bai wuce layin ganin likita da bangon ɗakin da aka sauke ta ba.

Wannan darasi a kan awa biyu ne kacal daga cikin irin wannan tafiya, wato lokacin da miji da mata za su ware su je gidan abinci na mutunci, su zauna su biyu, a kawo musu su ci, su yi hira. Za mu yi karatu a ciki, za mu yi lissafi, za mu taɓo kiwon lafiya. Kano muka ɗauka misali don can mutanen ƙasar Daura suka fi zuwa, amma abin da za a faɗa zai yi amfani a Katsina da Kaduna da Abuja, har da Damagaram ga masu ƙetara iyaka ta Ɗan Barto.

Ai ba al'adarmu ba ce

Na san wasu a ajin nan haka za su ce. A gidajenmu akushin maigida daban, kwanon mata da yara daban. Mace mai kunya ko sunan mijinta ba ta kira, balle ta kai loma baki a gabansa cikin jama'a. Wani zai ce wannan aikin 'yan boko ne da 'yan fim. Kunya abu ce mai daraja, kuma ba a rubuta darasin nan don a rage ta ba. Sai dai mu tuna abin da malamanmu ke karantarwa. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin wani maƙwabcin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutumin Farisa, gwanin dafa romo. Ya yi girki ya zo gayyatar Annabi shi kaɗai. Annabi ya tambaye shi ko har da Nana A'isha, mutumin ya ce a'a, Annabi bai je ba. Sai a karo na uku, da ya amince da su biyun, sannan suka tashi suka tafi gidansa tare. Haka nan a hadisin Sa'adu ɗan Abu Waƙƙas, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an nuna mutum yana samun lada a kan ciyarwar da ya yi don Allah, har lomar da ya sa a bakin matarsa.

Sannan mu yi wani ɗan lissafi. Shekara kwana 365 ce. A cikinsu kwana nawa matar gida ke cin abincin da ba ita ta hura wutarsa ba? Ranar biki, ranar suna, kwanakin jego, ranar girkin abokiyar zama in akwai, sai kuma in ciwo ya kwantar da ita. Ita ke surfe, ita ke tankaɗe, ita ke tuƙi, ita ke kwashewa, kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshen ci, bayan ta sallami kowa. Ranar da aka zaunar da ita a kujera, wani ya kawo mata faranti, ya dawo ya kwashe, ba ta wanke ko cokali ba, wannan rana takan daɗe a zuciyarta. A wurina wannan ne dalilin fitar gaba ɗaya, kuma da shi za ku auna kowane gidan abinci kafin ku shiga: shin za ta sake a nan?

Maganar nan ta ma'aurata ce. Saurayi da budurwa suna da wurin zancensu a ƙofar gidan iyayenta, da sanin manya.

Wurin zama kafin abinci

Na taɓa shiga wani gidan abinci a Kano na tarar da wani magidanci da matarsa, daga ganinsu ka san baƙi ne irina. Wurin ya ƙawatu, ga fitilu, ga sanyin na'ura. Sai dai a teburin bakin ƙofa aka zaunar da su, duk mai shiga sai ya dube su, ga samari sun cika gefe guda suna ihun kallon ƙwallo a talabijin. Baiwar Allah ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta ɗan tsakuri shinkafar sau uku ko huɗu, ta ajiye cokali. Mijin yana ta lallashinta ta ci. Daga ƙarshe aka juye musu sauran a roba suka fita. Ya kashe kuɗinsa da kyakkyawar niyya, ita kuwa da yunwarta ta koma masauki. Abin ya daɗe yana damuna, don gyaransa ba wuya: da ya nemi a sauya musu tebur, ko ya leƙa wurin tun da rana, da ta ci ta ƙoshi.

Saboda haka abu na farko shi ne maigida ya je ya gani da idonsa kafin ya kai iyali. Leƙawa ba a biyan ko sisi. Ka shiga, ka yi sallama, ka ce kana so ka zo da iyali da yamma, ka nemi a nuna maka inda za ku zauna. Dubi ko akwai tebur a kusurwa, ko ɓangaren da aka keɓe wa masu iyali. Dubi su wane ne ke cin abinci a wurin. In ka ga matan aure da hijabansu suna ci hankali kwance, ga yara suna kai da kawo, to alama ce mai kyau. In kiɗa ya cika wurin har sai ka ɗaga murya kafin ma'aikaci ya ji ka, to hira ba za ta yiwu ba, kuma hirar ce ta kawo ku. Ka tambayi inda mata ke alwala da salla. Ka leƙa banɗaki. In mai ɗakinka tana da juna biyu, ko ciwon gwiwa, ko daga asibiti kuka fito, wurin da sai an hau bene ba naku ba ne.

Ka kuma tambaye ta abin da take so. Matanmu da yawa za su ce maka, duk abin da ka zaɓa ya yi. Kada ka tsaya a nan, wannan kara ce. Ka ba ta zaɓi biyu ko uku da sunansu: tuwon shinkafa da miyar taushe, ko gasasshen kifi, ko wani abu da ba ta taɓa ci ba. Ku kuma mata da ke ajin nan, in an tambaye ku ku faɗa. Mijin da ya tambaya yana son ya sani ne, kuma faɗar abin da kike marmari ba rashin kunya ba ne.

Kowace unguwa da irin abincinta

Baƙo ko da idonsa makaho ne, shi ya sa ya kamata ku san yadda Kano ta kasu ta fuskar abinci. A cikin gari, wato tsohon birni, nan ne gidan gurasa, wadda aka san unguwar Jakara da yin ta, da kilishin Agadasawa, da masa da tsire da balangu da dambun nama. Ɗanɗano kam ba a magana. Amma yawancin masu sayarwa a bakin titi suke, wurin zaman bai wuce benci ɗaya ba, kuma maza ne a kai. Wannan wurin sayen tsaraba ne, ku saya ku kai wa yara da maƙwabta.

A titin Gidan Zu akwai gidajen abinci iri-iri masu matsakaicin farashi, ga rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014, ga kuma gidan namun daji na Audu Bako. Masu son su jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya sai su shiga kallon dabbobi bayan La'asar, su fito su ci abinci a kusa. A Nasarawa da Bompai, unguwannin masu hali, wuraren sun fi shiru da sirri, sun kuma fi tsada. Can ake samun girkin Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya da suka daɗe da zama a Kano, da kuma girkin Indiya da na Sin. A Sabon Gari kuwa ake samun girkin 'yan kudu na asali, sakwara da miyar agushi da farfesun kifi, kuma akwai gwanaye. Sai dai a unguwar akwai wuraren da ake sayar da giya, don haka a tambaya kafin a zauna, a kuma tambayi yadda aka yanka naman.

Shawarata ga masu fitar farko ita ce su nemi wurin da ya haɗa na gida da na baƙunta. Ku sa a kawo faranti ɗaya na abin da kuka sani, ɗaya kuma na abin da ba ku taɓa ci ba, ku raba. In sabon bai yi muku ba, ba wanda zai kwana da yunwa. In ya yi, kun samu labarin da za ku riƙa tunawa. Kuma kada kowa ya ji nauyin cokali mai yatsu da wuƙar da aka jera masa. In tuwo ne ko sakwara, a nemi ruwa da sabulu a wanke hannu a ci yadda aka saba. Kuɗinku kuka biya.

Wa za a tambaya? Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Direban adaidaita sahu ya san hanya, sai dai inda shi yake cika cikinsa da rana zai nuna maka. Hotunan da masu gidajen abinci ke sawa a Facebook da TikTok talla ce, mai kaya ba zai nuna maka inda yake wanke kwanuka ba. Wadda ta fi cancanta a tambaya ita ce mace 'yar gari, matar mai masaukinku ko 'yar'uwar da ke aure a can, domin ita ta san inda mace za ta zauna ba a takura mata ba.

Tsabta

Nan zan ɗan daɗe, don kuskure a nan yakan kai mutum gadon asibiti. A 2021 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Najeriya, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Katsina suna cikin waɗanda abin ya shafa sosai. Ta ruwa da abinci marasa tsabta take yaɗuwa, kamar yadda taifod ke yi, kuma ta fi ƙamari da damina. A watan Maris na shekarar kuma aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon kwaɓa da aka haɗa da gurɓataccen gari da ɗan tsami. Waɗanda abin ya shafa ba su ga komai a kofin ba, kalarsa mai kyau, sanyinsa daidai.

Kai baƙo ba duba-gari ba ne, ba za a bar ka ka shiga madafa ba. Amma akwai abin da ido zai iya gani. Banɗakin da baƙi ke shiga yana ba da labarin madafar da ba sa shiga: in ba ruwa, ba sabulu, to ma'aikatan ma da me suke wanke hannu? Dubi farcen mai kawo abinci da rigarsa. Dubi ko mai karɓar kuɗi shi ne kuma ke sa hannu a nama. Dubi ƙuda. Dubi tsumman da ake goge tebur da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a firji ba. Mai zafi ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin Selshiyas, mai sanyi ƙasa da digiri 5, don tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Ba wanda ke yawo da ma'aunin zafi a aljihu, amma tururi shaida ne. Abincin da aka kawo yana tururi an fi samun natsuwa da shi. Wanda aka kawo da ɗumi-ɗumi, musamman soyayyar shinkafa da miyar nama a watannin bazara, ku mayar a ɗumama sosai ko a sauya. Kaza ko kifi in kun tsaga kun ga ja a jikin ƙashi, mai yiwuwa bai nuna ba. Haɗin kabeji da latas da aka kwaɓa da mayonis yana saurin lalacewa in wuta ta ɗauke firji ya huce, ga shi ɗanye ne, da ruwan da aka wanke shi za ku ci shi. In ba ku yarda da wurin sosai ba ku bar shi.

Ruwan sha kuwa, a kawo na gora a rufe, ku duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, ku buɗe da hannunku. Wannan ma karatu ne, kuma kun iya shi yanzu. Zoɓo da kunun aya da lemon da aka haɗa a wurin, ku tambayi da wane ruwa aka yi, ƙanƙarar da aka jefa ciki kuma daga ina take. Wurin da mutane ke yawan shiga yakan fi aminci, don tukunyarsu ba ta kwana. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya manta da dokar likita don ya ga tebur ya cika, girkin gidajen abinci yakan yi yawan gishiri da ɗanɗano da mai, lemon kwalba kuma suga ne zalla.

Takardar farashi da lissafi

Da kun zauna za a miƙo muku takarda mai jerin abinci da farashinsa, wadda ma'aikatan ke kira menu. Yawanci da Turanci take. Kada wannan ya firgita ku. Sunan abinci yana hagu, kuɗinsa yana dama, lambobi kuwa iri ɗaya ne a Hausa da Turanci. Da yawa daga sunayen ma abubuwan da kuka sani ne aka sa wa riga: jalof dafa-duka ce, cif soyayyen dankalin Turawa ne, shawarma nama ne da ganye a naɗe cikin gurasa marar kauri. Abin da ba ku gane ba ku ce wa ma'aikacin ya yi muku bayani da Hausa, aikinsa ne. In babu farashi a rubuce, ku tambaya kafin a kawo, ku kuma tambaya ko kuɗin shinkafar ya haɗa da naman, don wasu wuraren daban-daban suke lissafawa. Mutumin da ke ciniki a kasuwar Mai'adua ba ya karɓar igiyar sa bai ji kuɗinsa ba, haka nan faranti.

Akwai kuma abin da ke ba baƙi mamaki in an kawo rasit. Manyan gidajen abinci sukan ɗora harajin VAT a kan jimillar kuɗin. Tun watan Fabrairun 2020 harajin nan ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100. Wasu wuraren kuma sukan ƙara kuɗin hidima. Ƙananan wurare ba sa yin haka. Ku da kuke zaune a bakin iyaka kuna juya sefa zuwa naira da ka, wannan ba zai gagare ku ba. Ga hanya mai sauƙi: kashi 7.5 cikin 100 yana nufin naira 75 a kan kowace naira 1,000.

Mu gwada da farashin misali, ba na wani gidan abinci ba ne. Shinkafa da kaza faranti biyu, kowanne naira 4,500, ya kama 9,000. Farfesun kayan ciki kwano ɗaya 3,000. Ruwan gora biyu, kowanne 500, ya zama 1,000. Lemo biyu, kowanne 1,000, ya zama 2,000. Jimilla 15,000. Dubu nawa ke cikin 15,000? Goma sha biyar. To 75 sau 15 ya ba mu 1,125. Kuɗin ya zama 16,125. In wurin yana karɓar kuɗin hidima kashi 5, wato naira 50 a kowace dubu, sai a ƙara 750, ya zama 16,875. Wanda ya shiga da 15,000 cif a aljihu ya ji kunya a gaban iyalinsa, alhali bai ci abin da ya fi ƙarfinsa ba, lissafin ne bai kai ƙarshe ba. A kan wannan kuma sai a ɗora kuɗin adaidaita, zuwa da dawowa.

Ka ware kuɗin fitar tun daga gida, daban da na mota da na magani da na tsaraba. Daidai ruwa daidai tsaki. Mai dubu biyar yana da wurin da ya dace da shi, mai dubu talatin ma haka, kuma ban ga amfanin cin bashi don a burge mace da fitilu ba, tunda ita za ta fara jin raɗaɗin bashin a kuɗin cefane. Ka riƙe tsabar kuɗi ka kuma riƙe katinka. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya mana kada a dogara da hanya ɗaya, ga kuma sabis da kan ɗauke ana tsakiyar taransfa. In za ka biya ta POS, ka karanta adadin da aka danna kafin ka sa lambar sirrinka, ka sa da hannunka, kada ka faɗa wa kowa. Ka karɓi rasit ka duba ko an rubuta abin da ba ku ci ba. In ma'aikacin ya kyautata muku, ɗan ihsani ba laifi, amma ba dole ba ne. Abincin da ya rage a juye muku a roba, ku ci da wuri ko ku ba mabuƙaci a hanya.

Lokaci da hanyar komawa

Lokacin da na fi so wa baƙo shi ne daga bayan La'asar zuwa Isha. Ku je da sauran haske, ku ga hanya, ku yi Magariba a can ko a masallacin kusa. Tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, don haka adaidaita sahu ce abin hawan yawancin mutane, kuma a watan Yulin 2022 gwamnati ta hana ta zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ku tambayi mai masauki yadda dokar take a lokacin da kuka je. Ku yi cinikin kuɗin kafin ku hau, in da hali ku ɗauki shata don kada a cusa muku wani fasinja. Ku rubuta sunan unguwar masaukinku da wata alama ta kusa a takarda, kowannenku ya riƙe ɗaya.

In kun zauna, maigida ya kife wayarsa. Cinikin da ya jira tun safe zai iya jiran awa ɗaya.

Karatu

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira da ƙarfi.

Miji: Maman yara, tunda likita ya sallame mu da wuri, kuma sai gobe za mu koma, ki shirya bayan La'asar mu fita mu ci abinci.

Mata: A waje kuma, Malam? Ai ko a leda ka sayo mini ya isa. Kada a yi ɓarnar kuɗi.

Miji: Tun a gida na ware kuɗin. Ɗazu na leƙa wuri biyu. Ɗaya suna tuwo da masa da farfesu, ɗaya kuma gasasshen kifi. Duka akwai wurin zaman iyali da wurin sallar mata. Wanne kike so?

Mata: Duk wanda ka zaɓa ya yi.

Miji: A'a, yau ke ce mai zaɓi. Kullum ke ke tambayata abin da za a dafa.

Mata: To in haka ne, kifin. Rabona da kifi mai kyau tun ina goyon auta.

Miji: Shi ke nan, kifi za mu ci.

Mata: Allah ya ƙara buɗi, Malam. Allah ya saka da alheri.

Ga mai mata fiye da ɗaya

Ba zan rufe darasin ban taɓo wannan ba, don gidaje da yawa a ƙasarmu haka suke. Fitar da aka yi da ɗaya ba za ta ɓoyu ba, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa. In lalura ce ta sa aka tafi da ɗaya, kamar asibiti, to a taho wa wadda ta zauna da yara da tsaraba ta musamman, a kuma sa mata ranarta. Ba dole sai Kano ba. Daura na nan kusa, Katsina ma ba nisa. Uwargidan da ta yi shekara ashirin tana tuƙa tuwon gidan kada ta ji labarin gidan abinci a bakin amarya.

Aiki

1. Me ya hana matar da ke cikin labarin cin abincinta? Me mijin ya kamata ya yi tun da rana?
2. Faɗi abubuwa huɗu da za ka duba don gane tsabtar gidan abinci ba tare da ka shiga madafa ba.
3. Kuɗin abinci ya kama naira 8,000. Nawa ne harajin kashi 7.5? Nawa za a biya gaba ɗaya?
4. Kana da naira 20,000. Adaidaita zuwa da dawowa 3,000 ce. Wurin yana karɓar harajin kashi 7.5. Za ka iya sa a kawo abincin 16,000? Nuna lissafinka.
5. Rubuta sunayen abinci biyar da ake yi a gidanku, ka sa wa kowanne farashi a gefen dama, kamar takardar gidan abinci.

Aikin gida na wannan mako ba na alƙalami kaɗai ba ne. Kowane magidanci ya tambayi mai ɗakinsa abincin da ta daɗe tana marmari, ya rubuta amsar a littafinsa da hannunsa. Kowace matar aure ta rubuta nata, ta karanta wa maigida. Ku zo da littattafan ranar darasi na gaba, kuma wanda ke da tafiya birni kafin nan ya tafi da shafin a aljihu.